Tana Juyawa Amma Ta Ƙi Tashi: Tarihin Kanikancin Manyan Motoci a Yamai

Yamai tana da tashar jirgin ƙasa, jirgin ne babu. A 2014 aka buɗe tashar da kaɗe-kaɗe, kamfanin Bolloré na Faransa ya shimfiɗa dogo har Doso, tafiyar kilomita kusan 140, aka sake wani bikin a farkon 2016, daga nan sai shiru. Shinkafa da siminti da rodi da man girki har gobe a bayan manyan motoci suke shigowa birnin, daga bakin teku, kuma tashar Kwatano da aka fi dogara da ita kafin 2023 ta haura kilomita 1,000. Gero da albasa da itacen girki da yashin gini su ma a mota suke zuwa. Garin da cikinsa ke kan taya dole ya tara mutanen da suka san ciwon mota, kuma Yamai ta fara tara su tun kafin ƴancin kai.

A cikin cututtukan tsohuwar mota akwai guda da kanikawa ke auna junansu da ita. Sifirin in ya karye ido na gani, taya in ta fashe ko yaron mota ya san abin yi. Amma direba ya murɗa makulli, kik ya kama, inji ya yi ta juyawa gur-gur-gur ya ƙi kamawa, to nan babu raunin da za a nuna da yatsa. Wanda iyakarsa canza kaya sai ya fara aiken mai mota kasuwa, a sayo wannan a sayo wancan. Wanda ya iya aikin kuwa da tambaya yake farawa, kuma tambayar farkon nan ta sauya fiye da sau ɗaya a cikin shekara ɗari.

A ƙarshen 1924 wani ayarin motocin Citroën guda takwas masu sarƙa a ƙafafun baya, a ƙarƙashin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil, ya keto Sahara daga Aljeriya, ya bi ta Yamai da Damagaram ya nufi tafkin Cadi. Yamai a lokacin ƴan ƙauyuka ce a bakin kogin Isa da ɗan barikin Faransawa. A 1926 aka ɗauke fadar mulki daga Damagaram aka kawo ta nan, sai buƙatar hanyoyi ta taso. Da aikin dole aka yi su, talakawa na ɗaukar jar tsakuwa a kwando bisa ka, kuma ba a soke wannan zalunci ba sai 1946. Jean Rouch, wanda duniya ta sani da fim, injiniyan hanya ne lokacin da ya sauka Yamai a 1941, irin waɗannan leburori aka ba shi. Direbobi da kanikawan farko da yawansu baƙi ne daga Dahome da Togo da Senegal, waɗanda suka riga saba wa mota a garuruwan bakin teku, sai kuma tsofaffin sojojin da suka koyi tuƙi a rundunar Faransa. A hannunsu ƴaƴan Zabarmawa da Hausawa suka fara riƙe sufana.

Motocin wancan zamani na fetur ne, don haka tambayar farko ita ce: akwai wuta? Bakanike ya zare wayar fulogi ɗaya ya kusantar da bakinta jikin inji, yaro ya murza inji da ƙarfen hannu ta gaba. In tartsatsi shuɗi ya yi tsalle da ƙara, wuta lafiya. In ja ne mai sanyi-sanyi, ko babu sam, sai a buɗe distiributa a duba kwantak, ƴan ƙarafa biyun nan da ke buɗewa suna rufewa. Ƙura da ƙuna ke kashe su. A goge da samfefa, in babu a goge da gefen kwalin ashana, a daidaita ratar, wadda ba ta kai rabin milimita ba, da takardar kwalin taba. Idan wuta na nan, sai a zuba fetur cikin murfin kwalba a tsiyaya a maƙogwaron kafireta. Inji ya yi tari ya mutu, an gane mai ne ba ya isowa: ko famfo ya huje, ko datti ya toshe, ko kuma zafin Afrilu, da ke wuce digiri 40 a Yamai, ya mai da fetur tururi a cikin bututu. Maganin na ƙarshen nan tsumma ne jiƙaƙƙe a kan famfo da ɗan haƙuri.

Mai son ganin wannan zamani da idonsa ya nemi fim ɗin Cocorico Monsieur Poulet na 1974, wanda Rouch ya yi da Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia da Tallou Mouzourane. Labarin mai fataucin kaji ne da ya fita daga Yamai a wata ragargajajjiyar Citroën 2CV da suka raɗa wa suna Patience. Rabin tafiyar gyara ne, har wargaza ta suke yi don su haye kogi da ita su sake haɗawa. Rouch kansa a hatsarin mota ya rasu a 2004, kusa da Birnin Ƙonni.

Gyaɗa ce ta cika hanyoyin Yamai da gazuwal. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta saba bi ta Kano ta hau jirgin Ingilishi zuwa Ikko, abin da bai yi wa Faransawa daɗi ba. Nasu dogon da ya taso daga Kwatano ya tsaya a Parakou tun 1936, bayan kilomita 438. A 1953 suka ƙirƙiro shirin da suka kira Opération Hirondelle: manyan motoci su kwaso gyaɗa su bi ta Doso da Gaya su kai Parakou, su juyo da kayan kanti, gwamnati na cike giɓin kuɗin dako. A 1958 aka gama gadar Gaya da Malanville, a 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta dogo da sufuri tsakanin Dahome da Nijar, a 1963 kuma aka kafa kamfanin sufuri na ƙasa, SNTN. Abin dariyar shi ne, a baje kolin Paris na 1900 an taɓa nuna injin dizal yana aiki da man gyaɗa zalla, bisa buƙatar gwamnatin Faransa mai tunanin ƙasashen da ta mallaka a Afirka. Ƙarshenta dai gyaɗar ce ta riƙa fita, gazuwal na shigowa.

Sarkin hanya a wancan lokaci Berliet ne, na birnin Lyon. Daga Nuwamban 1959 zuwa Janairun 1960 kamfanin ya ratsa Tenere da motocinsa tara samfurin Gazelle don nuna wa duniya ƙarfinsu, kuma yana alfahari da injinsa mai suna Magic wanda ba ya zaɓen mai. Mercedes mai gajeren hanci, wanda aka fara ƙerawa a 1959, ya biyo baya da injin OM 352 mai silinda shida. A 1978 aka haɗe Berliet da Saviem a ƙarƙashin Renault, sunan ya ɓace daga sababbin motoci, amma bai ɓace daga titunan Yamai ba. Wata babbar mota ce ma ta banke sanannen iccen nan na Tenere a 1973, shi kaɗai tilo a tsakiyar hamada, aka ɗauko gawarsa zuwa gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, inda take har yanzu.

Da gazuwal tambayar wuta ta mutu, don injinsa ba shi da fulogi ba shi da kwayil. Fistan ne ke matse iska zalla har ta koma kashi ɗaya cikin 16 ko 17 na girmanta, matsin ya sa zafinta ya haura digiri 500, sai nozul ya feso mai ya kama da kansa. Saboda haka bakaniken gazuwal da kunne yake farawa. Direba na iya rantsuwa cewa inji na juyawa, alhali juyin ya yi nawa, zafin matsin na tsiyayewa kafin mai ya iso. Babbar mota batir biyu take ɗauka, masu bolt 12 kowanne, a haɗe su ba da 24, kuma zafin Yamai na shanye ruwan batir fiye da yadda masu mota ke tunawa su ƙara. Bakanike ya taɓa kawunan batir bayan an buga: wanda ya yi zafi, nan ne haɗin ya saki ko farin gishiri ya ci. Akwai kuma juyin da ya yi sauri da yawa, sumul ba tare da wannan numfarfashi na kowace silinda ba. Jin wannan ba daɗi, don ma'anarsa zoben fistan sun cinye, yawanci aikin ƙurar da ta samu ƙofa ta matatar iska, kuma magana ta koma ta sauke inji.

Bayan kunne sai salansa. A tura yaro baya ya tsaya. Farin hayaƙi mai yaji a ido da warin ɗanyen gazuwal na nufin mai na shiga bai kama ba: sanyi ne, ko matsi ya yi ƙasa, ko lokacin feshin ya goce. Baƙin hayaƙi na cewa iska ce ba ta isa. Idan kuwa babu hayaƙi ko kaɗan, mai bai iso silinda ba, kuma kafin a taɓa sufana sai a leƙa cikin mota a duba wayar kashe inji. Tsofaffin motoci da jan wata ƴar ƙwarya ake kashe su, kuma direban da ya manta bai mayar da ita ba zai iya cinye batir biyu yana zargin maƙiya. A waɗanda suka biyo baya wani ɗan maganaɗisun lantarki ne ke buɗe mai, ana jin ƙwas ɗinsa in an murɗa makulli. Ba ƙwas, ba mai.

In duk wannan lafiya, sai hukuncin da aka fi ji a garejin Yamai: ta sha iska. Famfon injekta mai layi, irin wanda Bosch ya fara ƙerawa da yawa a 1927, abin da yake turawa a kowane bugu bai wuce ɗigo ɗaya ko biyu ba, amma da ƙarfin da ya kusa bar 200, don sai da haka allurar nozul ke ɗagawa. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. Kumfa ɗaya ta shiga bututu, famfo ya yi ta bugu kamar mai naushin buhun auduga, allura ba ta motsa ba. Fitar da ita na da tsari, daga ƙasa zuwa sama. A kwance ɗan famfon hannu da ke jikin injekta, a sassauta kusar da ke saman filta, a yi ta dannawa har kumfa ta ƙare mai ya fito tas, a ɗaure. A yi haka a jikin famfon kansa. Sannan a sassauta goron bututu biyu ko uku a bakin nozul.

"Kai yaro, hau ka buga."

"Maigida, in ci gaba?"

"Ci gaba, kar ka saki sai na ce."

Mai ya fara tsartuwa daga goron, a ɗaure ɗaya bayan ɗaya inji na juyawa. Silinda guda ta kama, motar ta girgiza, sauran su biyo.

A nan ne ake raba gwani da ɗan koyo. Fitar da iska kowane yaron mota mai shekara biyu a hanya ya iya. Aikin shi ne gano ƙofar da ta shigo, in ba haka ba gobe da asuba a sake. Wani lokaci direba ne ya bar tanki ya kusa ƙafewa, mota ta hau tudu, bakin bututu ya fito fili. Wani lokaci wasalin jan ƙarfe ne da aka ɗaura sau biyar ya daina riƙewa, ko robar filta, ko tiyo da rana ta busar ya tsage tsagewar da ba ta zubar da mai waje sai dai ta ja iska ciki. Motar da ke tashi da yamma ta ƙi da safe, mai ne ke sulalewa ya koma tanki cikin dare. Dabarar da ta fi arha ita ce a sa guntun tiyo mai haske a tsakani, a bi layi gaɓa-gaɓa ana kallon inda kumfa ta fara.

Yuraniyom ya ba sana'ar shekarunta na ƙoshi. Kamfanin SOMAÏR ya fara haƙa a Arlit a 1971, COMINAK a 1978, aka kwalta hanyar Tawa zuwa Agadas da Arlit wajen 1980, motoci na hawa da kayan aiki suna saukowa da ma'adini zuwa Parakou. Manyan garejojin kamfanoni da na gwamnati suna da littattafan ƙera da na'urar gwada famfo, kuma su ne suka zama makarantar tsara guda. Da farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980 aka shiga tsuke bakin aljihu, da yawa daga waɗannan ma'aikata suka koma gindin bishiyar dogon yaro da akwatin sufanarsu, ilimin ya fito titi. Koyo a nan ba shi da aji. Uba ko kawu ya kawo yaro ya damƙa, yaro ya yi shekara yana wanke kusoshi da miƙo sufana kafin a bar shi ya kwance wani abu, kuma sai an ga hankalinsa ake barinsa kusa da famfon injekta. Gyaran cikin famfon ma sana'a ce daban, mai ɗaki a rufe saboda ƙura.

Ranar 12 ga Janairun 1994 aka wayi gari an karya darajar sefa: faran ɗin Faransa da ke kan 50 ya koma 100. Duk wani filta da nozul da batir da ake shigowa da shi ya ninka kuɗi. Sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin ƴan kasuwa, sai kwararar tsofaffin motocin Turai ta Kwatano, waɗanda suka riga cin rabin rayuwarsu a can. Kayan gyara na hannu suka zama kasuwa mai zaman kanta, gawar mota guda tana ciyar da motoci goma. Abin da ya gagari amfani ya tafi kasuwar Katako, inda maƙera ke mai da sifirin gatari da fartanya, masu narka sanholo kuma su mai da tsohon fistan tukunya. Mai ma ya bi durom da jarka, na ƴan ruwa-ruwa da ke shigowa daga Najeriya da wanda ake ragewa a tankunan hanya, don haka tambayar farko ta sake sauyawa: a ina ka sha mai? Ruwa ya fi gazuwal nauyi, yana kwanciya a gindin tanki daidai inda bututu ke zuƙa. A kwance filta a juye a kwano, ruwa da laka su fito fili. Buɗe matatar SORAZ ta Damagaram a 2011, mai ganga 20,000 a rana, ya ba ƙasar gazuwal nata, amma tsatsar da ke cikin tankin mota mai shekara 40 tana nan.

Inda tsofaffin motocin Yamai ke ƙare rayuwarsu shi ne dakon itace da yashi. Dokar 1992 ta kafa kasuwannin itace na karkara, kuma motocin da ke zuwa dazukan Sayi da Torodi su dawo da lodi ya fi su tsawo galibi irin waɗanda babu mai yarda ya ɗora musu kayan kanti ne. A kansu ake ganin ƙarshen dabara. Famfon da ke jawo mai daga tanki ya mutu, a ɗaure jarka a saman kan mota a saƙalo tiyo, mai ya gangaro da kansa. Kik ya mutu, a kwana a kan gangare da weji a ƙarƙashin taya, da safe a zare a saki kuloci a giya ta biyu ko ta uku. Da sanyin Disamba da Janairu, in injin da matsinsa ya ragu ya ƙi kamawa, a kunna tsumma a riƙe a bakin shan iska, ko a jiƙa shi da fetur, wasu har maganin sauro na fesawa suke sa wa.

Baƙi kan ɗauki hoton irin wannan suna yaba basira, kuma basirar tana nan. Sai dai rashi ne ya haife ta, kuma tana da farashi. Fetur da feshi suna fashewa kafin fistan ya kai sama, suna karya zobe, shi ya sa injin da aka saba wa abin ba ya ƙara tashi sai da shi. Motar da birkinta na iska ne kuma, in aka gangara da ita tankin iska wayam, abin da ke gabanta sai addu'a.

Daga ƙarshen shekarun 1990 Turai ta koma injin da kwamfuta ke sarrafawa, saboda dokokin hayaƙi. Shekaru goma zuwa goma sha biyar bayan haka waɗannan motoci, su Actros da Renault Premium da DAF, suka fara isowa Yamai a matsayin tsofaffi. A kansu inji na iya juyawa lafiya, mai tas, batir cike, amma ya ƙi tashi saboda wata ƴar na'ura da ke ƙirga juyin inji ta daina magana, ko makulli bai gaisa da kwamfuta ba, ko ƙarfin mai bai kai ƙa'idar da kwamfuta ke jira ba kafin ta buɗe nozul. A sababbin injina ƙarfin nan na kaiwa bar 2,000, kuma wanda ya sassauta goro ya kai yatsa irin na da, mai na iya huda fatarsa ya shige nama. Dattijon da ya shekara 40 yana karanta hayaƙi yanzu yakan ɗauki waya ya kira saurayi mai na'urar bincike. Shi ma saurayin, in na'ura ta ce ƙarfin mai ya yi ƙasa, ba ta faɗa masa wane tiyo ne ke shan iska, sai ya waiwayi dattijon. Masu mota da dama sun yanke nasu hukuncin da aljihu: motocin Sin irin su Howo da Shacman, da ake sayar wa Afirka da famfon ƙarfe irin na da, sun cika wuraren gini.

Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya ƙara wa ciwon wani salo. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta rufe iyakoki, motoci suka yi layi na kilomitoci a Malanville mako bayan mako. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma Nijar ta bar gadar Gaya a rufe, kaya suka koma biyowa daga Lome ta Burkina Faso, ta Kaya da Dori da Tera, a ayari da rakiyar soja. Ana iya makonni ana jiran ayari ya haɗu. Mota a tsaye batir ɗinta na zuƙewa, mai na komawa tanki, raɓa na taruwa a tankin da ba a cika ba, kuma ranar tashi ayari ba ya jiran wanda ke fama da famfon hannu. Shi ya sa direbobin wannan hanya ke cire kan batir in za a daɗe, suna tayar da inji lokaci-lokaci ko da ba inda za su, suna kuma ajiye filta na ko-ta-kwana da wasalin jan ƙarfe da guntun tiyo a ƙarƙashin kujera, don tsakanin Dori da Tera babu wanda zai tsaya a gefen hanya ya jira bakanike daga Yamai.